“Ina Tsammani” da “Na Sani”: Inda Ingilishin Ƴaƴanmu Ke Tuntuɓe

 

Sharhinmu na yau a kan wani ɗan lungu ne na nahawun Ingilishi. Wani zai ce me ya haɗa rediyo da nahawu, ga tsadar hatsi, ga maganar taki? Abin da ya haɗa su shi ne ƴaƴanmu. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan yaron da ke zaune yau a ajin farko na kwaleji, harsuna uku ne a gabansa, kuma dukansu hukuma ta san da zamansu. Nan cikin Maradi akwai jami’ar Maryam Abacha, wadda aka buɗe a 2013, inda ake karatu da Ingilishi. Ga aikin layin dogo daga Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar a 2021. In ka bi ta Ɗan Isa ka tsallaka Jibiya, Hausarka ta ishe ka ciniki har Kano, wannan gaskiya ne. Amma takardar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Legas, da saƙon dillalin da ke Dubai ko Guwanju, da takardar neman gurbin karatu, ba da Hausa suke zuwa ba. Don haka yadda ake koya wa yaranmu wannan harshe ya shafe mu duka.

Ga matsalar. Ingilishi na da hanya biyu ta faɗin abin da ke faruwa yanzu. Akwai “I eat”, akwai kuma “I am eating”. Ta farko ta al’ada ce ko tabbataccen hali, ta biyu kuwa aikin da ake cikin yi ne, wadda ake gane ta da ɗafa-ƙeyar nan “ing”. Yaron Bahaushe ba ya shan wahala a nan, domin a gida ya bar irinta: “nakan ci” daban, “ina ci” daban. Masana nahawun Hausa suna kiran ta farko lokaci sabau, ta biyu lokaci mai ci. A wannan gaɓa Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, don Bafaranshe “je mange” kawai yake cewa, ko yanzu yake cin, ko kullum ne. In yana son ya nuna yana tsakiyar aikin sai ya yi zagaye da “en train de”.

To, yaro ya gane, ya ji daɗi, ya fara liƙa “ing” ga duk abin da Hausarsa ta ce “ina”. Sai rana ɗaya malami ya rubuta jerin kalmomi a allo: know, believe, understand, think, remember, forget, suppose, mean, doubt. Ya ja layi a ƙarƙashinsu, ya ce waɗannan aikatau ne na hali, ba sa ɗaukar “ing”, a hardace. Yara su kwafe a kaye, su hardace, ran jarrabawa kuma su rubuta “I am thinking that he will come”, jan bik ya hau kansu.

Na taɓa zama a bayan wani aji ina sauraron darasi irin wannan. Zafin bazara, yara sun cika bencina, wasu uku-uku. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, kayenta buɗe, ta ɗora yatsa a kan wata jimla. Ta ce, “Mushe, a makon jiya kun rubuta mana ‘She is thinking about her mother’. Yau kuma kun ce think ba ya ɗaukar ing. Wanne za mu riƙe?” Malamin ya dubi allo, ya dubi kayen, ya ce mata da Faransanci wannan togiya ce, ta riƙe duka biyun. Ta zauna, ta rubuta kalmar togiya a gefen shafi. Ban ga laifin malamin ba. Haka aka koya masa, kuma yana da aji cike da yara da manhajar da dole ya ƙare kafin damina. Amma tambayar yarinyar nan tana da amsa, kuma amsar tana cikin harshen da ita da malamin za su koma yi da zarar an kaɗa ƙararrawa.

Ku saurari waɗannan tambayoyi biyu. “Me kake gani?” da “Tunanin me kake yi?” Duk Bahaushe ya san ba abu ɗaya ba ne. In dattijo ya kira ka kan maganar auren ƙanwarka ya ce, “To kai me kake gani?”, ra’ayinka yake nema, matsayin da ka tsaya a kai. In kuwa matarka ta same ka zaune ƙofar ɗaki ka yi tagumi, ta ce, “Malam, tunanin me kake yi?”, ta ga zuciyarka tana aiki ne, tana kai da komo. Ingilishi kalma guda yake da ita ga waɗannan biyun, wato think, sai ya raba su da siffar jimla. Ta ra’ayi ita ce “What do you think?” Ta aikin zuciya ita ce “What are you thinking about?” Saboda haka jimlar da malamin ya rubuta a makon jiya daidai take: yarinya tana tunanin mahaifiyarta, aiki ne da ke gudana. Ka’idar da ya kawo yau ma daidai take, amma ga think na ra’ayi kaɗai. Babu wata togiya. Ma’ana biyu ce a riga ɗaya.

Me ya sa yaranmu ke faɗawa nan musamman? Domin Hausa ta raba kalmomin zuciya gida biyu, kuma rabonta bai zo daidai da na Ingilishi ba. Gida na farko, muna faɗinsu da siffar shuɗaɗɗen lokaci alhali yanzu muke nufi: na sani, na gane, na fahimta, na yarda, na tuna, na manta. Wanda ya ce “na san Sarkin Gobir” ba labarin jiya yake ba ka ba, yanzu ma ya san shi. Masanan da suka rubuta manyan littattafan nahawun Hausa, Paul Newman a 2000 da Philip Jaggar a 2001, sun yi bayanin wannan ɗabi’a ta harshenmu. Gida na biyu kuwa muna faɗinsu da “ina”: ina tsammani, ina zato, ina ji, ina gani, ina nufi, ina shakka, ina fata. A nan ne ramin yake. Yaro ya riga ya ɗaura “ina” da “I am … ing”, don haka “ina tsammanin zai zo” ta fito masa “I am thinking he will come”, “me kake nufi?” ta fito “What are you meaning?”, “ina shakka” ta fito “I am doubting”. Ingilishin makaranta kuwa “I think he will come” yake so, da “What do you mean?”, da “I doubt it”. A gida na farko ma akwai ɗan santsi, amma na daban: yaro kan ɗauki “na gane” ya ce “I understood”, inda Bature zai ce “I understand”.

Kun ga ashe kuskuren yana da asali. Yaron da ya rubuta “I am thinking he will come” ba daƙiƙi ba ne. Hankali ya yi amfani da shi, ya bi ka’idar da aka ba shi har inda ta ƙare. Malamin da ya san haka zai gyara masa cikin minti biyar. Wanda bai kula da Hausar yaron ba zai yi ta jan layi har ƙarshen shekara, yana mamakin taurin kan yaran zamani.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane uba zai iya yi da ɗansa a tsakar gida. Wani masanin falsafa, Zeno Vendler, haifaffen ƙasar Hangari, ya wallafa maƙala a 1957 inda ya kasa aikatau gida huɗu bisa yadda suke cin lokaci, kuma ɗaya daga cikin ma’aunansa ita ce tambayar nan da muke yi kullum: me kake yi? Ka gwada da Hausa. “Me kake yi?” “Ina tunani.” Ta zauna. “Ina lissafi.” Ta zauna. “Ina nazari.” Ta zauna. Amma “Me kake yi?” “Ina sani”? Kunne ya ƙi. “Ina tsammani”? Wanda ya tambaye ka zai tsaya yana jiran sauran maganar, don ba ka faɗi abin da kake yi ba. Sani da tsammani da yarda ba ayyuka ba ne da mutum zai fara da hantsi ya ajiye da azahar, ko a ce masa dakata in gaishe ka sannan ka ci gaba. Abu ne da ke zaune a zuciya. Ku dubi fadamar Jiratawa: akwai ruwan da ke kwance a rijiya, akwai wanda injin ya ja yana gudu a kwalbati zuwa fagen zogale. Ruwa ɗaya ne. Na gudun shi ke ɗaukar “ing”.

In ka riƙe wannan, jerin nan na allo ya daina zama abin hadda. Ɗan kasuwar da ya rubuta wa dillali “I think your price is too high” ya yanke hukunci: a ganina kuɗinka sun yi yawa. Wanda ya rubuta “I am thinking about your price” bai yanke ba, yana cewa ina duba maganar, a ba ni lokaci. A ciniki tsakanin waɗannan biyu akwai kuɗi. Haka “I am thinking of going to Kano”, wato ina shawarar zuwa Kano, niyya ce da ba ta nuna ba tukuna. Haka consider: “I consider him my brother” na ɗauke shi ɗan’uwa ne, amma “I am considering your offer” ina juya tayinka ne a raina.

Yanzu bari mu shiga inda abin ya fi daɗi, inda har malamai kan yi gardama. Shin know da understand da forget da remember ba sa taɓa ɗaukar “ing”? Littafin Raymond Murphy, English Grammar in Use, wanda ya fara fitowa a 1985 kuma ya yaɗu a duniya, abin da ya nuna shi ne ba a saba sa waɗannan kalmomi a wannan siffa ba. Tsakanin “ba a saba ba” da “haramun ne” akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan Turawan Ingila da na Amurka suke magana kullum. Idan halin yana canzawa, yana ƙaruwa ko raguwa, ya zama abu mai motsi, sai “ing” ta shigo. Ɗalibi zai ce “I am understanding more every week”, wato ina ƙara ganewa mako bayan mako. Tsoho zai ce “I am forgetting names these days”. Ku ji yadda Hausa ta yi daidai da shi a nan: “na manta” abu ne da ya auku ya zauna, amma “ina mantuwa kwanan nan” ciwo ne da ke ci gaba. “Na gane” an gama. “Ina ganewa a hankali” ana kan hanya. Mu ma muna canza siffa a daidai wurin da Bature ke canzawa, kuma bisa dalili ɗaya. Know ne kaɗai ya fi taurin kai. In Bature zai ce yana kan sanin mutum, yakan koma ga “I am getting to know him”.

Sai kuma ta ladabi, wadda nake ganin ita ce ta fi amfani ga matasanmu masu rubuta saƙon neman aiki ko neman karatu. Bahaushe mai tarbiyya ba ya shiga zauren babba ya ce “ina son kaza”. Zai durƙusa, ya gaisa, ya ce, “Ranka ya daɗe, da ma na ce ko za a duba mini maganar nan.” Wannan “da ma” da wannan “ko” suna sassauta buƙata, suna bar wa babba ƙofar cewa a’a ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ingilishi yana yin wannan aikin da siffar nan da ake hana yaranmu. “I was wondering if you could help me.” “I was thinking we could meet on Monday.” “I am hoping you will consider my application.” Duk aikatau ne na zuciya, duk da “ing”, kuma babu mai jarrabawar da zai ja musu layi. Yaron da aka tsoratar da jerin allo ba zai taɓa kusantar waɗannan jimloli ba. Zai rubuta “I want you to help me”, nahawunsa lafiya lau, amma mai karantawa ya ji kamar umarni ake ba shi. Yaron nan kuwa a gidansu ya fi kowa ladabi. Abin yana damuna ƙwarai, domin an raba shi da wata kyakkyawar ɗabi’a da yake da ita tun daga gida.

Harshen Ingilishi kansa bai tsaya wuri ɗaya ba a wannan fage. A zamanin Shakespeare sau da yawa ana amfani da siffa mai sauƙi inda yau dole a sa “ing”. Jimla irin “the house is being built”, wadda kowane ɗan lise yake rubutawa yau, sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta bayyana, kuma masu gyaran harshe na ƙarni na 19 sun yi mata ca, suna cewa ɓarna ce. Geoffrey Leech da abokan aikinsa, a littafinsu na 2009 kan sauyin Ingilishin zamani, sun kwatanta rubuce-rubucen Ingila da Amurka na 1961 da na farkon shekarun 1990, suka ga wannan siffa tana ƙara yawa.

Wannan ya kawo mu ga maƙwabta. Yaron Maradi ba daga malaminsa kaɗai yake jin Ingilishi ba. Yana ji daga finafinan Najeriya, daga ɗaliban da suka zo karatu daga can, daga bidiyon da ke yawo a WhatsApp da TikTok. A can zai ji “I am hearing you”, da “I am having two shops”, da “Are you understanding me?” Masu bincike biyu, Ulrike Gut da Robert Fuchs, sun wallafa nazari a 2013 kan wannan siffa a Ingilishin Najeriya, suka nuna yadda ake faɗaɗa ta zuwa aikatau na hali. A Indiya ma an san wannan ɗabi’a. Ni ba na cikin masu yi wa wannan dariya. Miliyoyin mutane ne ke magana haka, suna fahimtar juna, suna kasuwanci, suna shari’a, kuma ba a Landan aka yanke wa harshen cibiya har abada ba. Kana jin “Are you understanding me?” ka san “kana ganewa?” ce ta sa rigar Bature, kuma babu Bahaushen da zai rasa gane ta. Amma dole mu gaya wa yaranmu gaskiya: mai gyaran takardar BEPC da na BAC, da mai jarrabawar TOEFL ko IELTS, da daidaitaccen Ingilishi yake awo. A gabansu “Do you understand me?” ce, da “I have two shops”. Yaro ya san duka biyun, ya san inda kowace ke shiga, kamar yadda ya san Hausar da yake yi da abokansa a bakin tasha daban take da wadda yake yi a gaban kakansa.

Faransanci ma yana da nasa rabon a kurakuran yaranmu, kada a ɗora wa Hausa duka. “I am agree” da ake yawan gani a kaye daga “je suis d’accord” ta fito. Hausa da za a tambaye ta, “na yarda” za ta ce, aikatau sak, kamar “I agree”.

Abin da nake roƙon malamanmu na Ingilishi, daga kwalejojin cikin gari har na Tsibiri da ƙauyukan gulbi, shi ne su bar Hausa ta shigo aji a irin wannan darasi. Na san an horar da da yawansu a kan cewa ajin Ingilishi da Ingilishi ake yinsa, in ta ƙure a taɓa Faransanci. Akwai hikima a hakan, don kunne sai da ji yake sabawa. Na kuma san ba kowane yaro a aji ne Hausa ce harshen gidansu ba, akwai ƴaƴan Fulani da na Buzaye da na ma’aikatan da aka turo daga yamma, ko da yake a Maradi da wuya ka sami yaron da ba ya jin ta. Amma a wannan darasi takamaimai, bi ta Faransanci bi ne ta harshen da ba shi da bambancin da ake son nunawa. Malami ya raba allo biyu. A dama ya rubuta: a ganina, na sani, na yarda, na gane. A hagu: ina tunani, ina nazari, ina shawara, ina ƙara ganewa. Sannan ya ɗauko masu ruɗin nan, ina tsammani, ina zato, ina nufi, ya tambayi yara da kansu wane ɓangare za su, da gwajin “me kake yi?” Za su yi gardama, wasu su ce dama, wasu hagu, kuma daga gardamar ne abin zai zauna musu. Yaron da ya gano da kansa cewa “ina tsammanin zai zo” da “a ganina zai zo” kusan magana ɗaya ce, ya gama da “I am thinking he will come”.

Masu tsara manhaja a Yamai da masu horar da malamai su ma suna da aiki a nan. Littattafan nahawun da ke zuwa mana daga waje an rubuta su ne don ɗalibin ko’ina, ba su san “ina” ba, ba su san “na sani” ba. Shafi biyu kacal da malaman Ingilishi na jihar Maradi za su zauna su rubuta, suna jera kalmomin zuciya na Hausa kusa da na Ingilishi, a buga a raba wa makarantu, zai rage jan bik mai yawa. Muna da malaman da suka ƙware a harsunan uku, wasunsu suna sauraronmu yanzu haka.

Ku kuma ƴan makaranta da jarrabawa ke gabanku, in kun zo rubuta think, ku tsaya ku mayar da jimlar Hausa a zuci. In “a ganina” ta shiga wurin, ku rubuta “I think”. In “ina tunanin” wani abu ne ko wani mutum, ko kuna shawarar yin wani abu, ku rubuta “I am thinking about” ko “I am thinking of”. Know da believe da mean ku bar su ba “ing” a takardar jarrabawa. “I was wondering” kuma ku adana ta don wasiƙar da za ku rubuta wa babba.